Jarida a Ƙarƙashin Riga

SHAFI NA 17

Masu aiko min da “shiru dai?” tun safe, na gan ku, ku sarara min. Ruwa ne ya zubo mana da taɓo a hanya, sai da na taya maƙwabta kwashewa kafin na samu zama. Wanda yau ya faɗo cikinmu kuma kar ya damu, zai gane komai a tafe.

Nidia ta daɗe tsaye a bayan gida, shimin mahaifiyarta a hannunta.

Fari ne, ko in ce da can fari ne. Yanzu daga ƙirji zuwa cibiya rubutu ne baƙi-baƙi a juye, har da rabin fuskar wani ɗan ƙwallo yana dariya. Ta ɗago na biyu daga bahon wanki. Shi ma haka, sai dai shi tallan takin zamani ne ya fito a jikinsa.

Duk wanda ya tashi a Los Yarumos ya san ma'anar wannan. In za ka sauka Medellín, kuma ka san cikinka ba ya shiri da kwana-kwanar dutsen nan, sai ka ninke jarida ka manna ta a fata ƙarƙashin riga, wai tana hana amai. Gumi kuma ya kwashe tawadar ya shafa wa tufa. Ita kanta Nidia da jarida aka yi ta kai ta birni tana ƙarama.

Amma wannan a bas ne. Mahaifiyarta Doña Ligia kuwa ta kwana biyu ba ta tafiya mai nisa sai a Sista, in ban da ranakun raka mijinta asibiti, su ma ɗin a gaba take zama kusa da direba, ba ta buƙatar komai.

Sista ita ce motar kamfanin su Nidia, mai tuƙa kanta, ba direba ba sitiyari. Matan gari ne suka raɗa mata sunan, domin fara ce sol kuma ba a jin motsinta. Aikin Nidia a kamfanin guda ɗaya ne: duk wanda ya shiga motar ya sauka dutse ya hawo ba jiri ba tashin zuciya. Watanni ke nan matan zumunta na coci suna shiga ana gwaji da su, Doña Ligia ce jagora, kowacce da ɗan maɓalli ja a hannun kujera, in zuciyarta ta tashi ta danna. Sharaɗin kuma a fili yake, ba magani ba dabara. Har yau ba wadda ta taɓa dannawa. A kan haka aka tsayar da ranar Litinin Sista za ta fara ɗaukar masu zuwa wankin ƙoda, kuma mutum na farko shi ne mahaifin Nidia, Don Evelio.

Ta naɗe shimin ta shiga kicin.

Doña Ligia tana juya arepa, wainar masarar ƙasarsu, a kan wuta. Goggo Fabiola, ƙanwar Don Evelio, tana zaune da kofin ruwan mazarƙwaila. Ita wannan baiwar Allah tunda aka haife ta magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba.

“Mama, wannan fa?”

Doña Ligia ko juyowa ba ta yi ba.

“Wanki ne. Ko a birni an daina saninsa?”

“Na san wanki. Rubutun nake tambaya.”

“Wane rubutu?”

Nidia ta warware shimin ta shimfiɗa a kan tebur, ɗan ƙwallon nan yana ta dariyarsa tsakanin kwanon cuku da butar kofi.

Goggo Fabiola ta leƙo, ta tafa hannu.

“Ave Mariya, Ligia! Ban ce miki ki riƙa sa tsohuwar jarida ba? Sabuwa zuba take yi!”

Doña Ligia ta danne arepa a wuta.

“Fabiola,” in ji Doña Ligia a hankali, “sha abin da ke gabanki.”

“Au. Ba ta sani ba?”

“Yanzu dai na fara sani,” in ji Nidia. Ta ja kujera ta zauna. Muryarta ba ta tashi ba, don ita in ranta ya ɓaci sanyi take yi. “Goggo, ku nawa ne kuke sa jarida?”

Goggo Fabiola ta dubi matar yayanta, ta dubi rufin ɗaki.

“Ki ce su wa ba sa sawa.”

“To su wa?”

“Babu.”

Nidia ta ja numfashi. Jarida dai takarda ce, ba abin da take yi wa ciki. In iyakar abin ke nan da sauƙi, za ta yi musu faɗa a yi dariya a wuce. Har ta fara jin sassauci a ƙirjinta.

“Jarida kawai, ko?”

“Da lemun tsami,” in ji Goggo Fabiola. “A hankici. Shinshinawa kawai.”

“Sai me?”

“Sai ɗan allon nan da kuke ba mu ku ce mu karanta labarai a hanya. Mukan ɗaga shi mu kare fuska, mu rufe ido, mu ja carbi. Wa zai yi karatu a Kwanar Makafi, don Allah?”

“Sai me, Goggo?”

“Fabiola!”

“To ai tambayata take yi, Ligia, in yi wa ’yar ɗan’uwana ƙarya? Sai ’yar ƙwayar nan ta kantin magani. Rabi-rabi ne fa, ba guda ba. Uwarki ke rabawa a ƙofar coci kafin mu taho, da ruwa a gora.”

Sanyin da Nidia ta ji a wannan karon har yatsun ƙafa.

Doña Ligia ta sauke arepa ɗaya bayan ɗaya, ta shafa musu man shanu, ta ajiye faranti a gaban ’yarta kamar ba abin da aka ce. Sannan ta goge hannu a zanen girki ta zauna.

“Ci tukuna.”

“Mama, tun yaushe?”

“Tun rana ta biyu.”

“Ranar farko fa?”

Goggo Fabiola ta kasa daurewa. “Ranar farko Doña Amparo ta yi amai a jakar hannunta. Jakar da ɗanta ya aiko mata daga Sifen! Ta ja zif ta rufe, ta fito tana yi wa abokan aikinki murmushi. A rafi ta jefar da ita.”

“Kuma ba ta danna maɓalli ba.”

“Ta danna? Ina!”

“Don me, Mama? Abin da aka ɗauko ku ku yi ke nan. Ku ji jiri ku danna. Shi ke nan aikin!”

Doña Ligia ta dube ta irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi tambayar wauta a gaban baƙi.

“Ke Nidia, a wane gari aka raine ki? An taɓa shiga gidan mutum a ce abincinsa ba daɗi? Motar ’yarmu ce. ’Yar garin nan ta farko da ta zama injiniya. Mu shiga, mu danna jan abu, ya tafi har ofishinku a birni, a ce ga matan garinsu ma sun ce aikinta bai yi ba? Mu da bakinmu?”

“Ba zagi ba ne, Mama, awo ne.”

“A wurinku. A wurinmu tonon asiri ne.”

“Ni kam,” in ji Goggo Fabiola, “yatsana ya sha zuwa kan abin nan, sai in tuna ranar da aka yi miki baftisma ni na riƙe ki. Sai in janye.”

Ku masu karatu kar ku yi saurin ɗora wa matan nan laifi duka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nidia ta san matan garinsu sarai, ta san Goggo Fabiola ko a kan jaki sai ta yi jiri. Da sakamako ya yi ta fitowa fes, ba ko ɗigo, ya kamata ta tsaya ta ce anya kuwa. Ba ta tsaya ba, domin yabo yana da daɗi. Shugabarta Dakta Zuluaga ta tsayar da ita a gaban kowa ta ce ba a taɓa ganin irin wannan aiki ba, ita kuma ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wannan tunanin ne ya fi ƙona mata rai yanzu, fiye da ƙwayar.

Wayarta ta yi ƙara a aljihu. Dakta Zuluaga ce. Ta kife wayar a kan tebur, don ba ta da abin da za ta ce mata tukuna.

“Ina Baba?”

“Ya tafi aski,” in ji Doña Ligia. “Har da hular fita ya ɗauka. Ban san wace nas zai burge yau ba. Bas ɗin rana za mu bi, kamar kullum Asabar.”

Nidia ta tura farantin gefe.

“Mama, ki saurare ni. Baba ba zai iya shan ƙwayar nan ba. Likitansa ya hana shi duk abin da ba shi ya rubuta ba. Kin sani.”

“Na sani mana.”

“To ranar Litinin da me zai shiga Sista? Bayan wankin ƙoda, jikinsa ba ƙarfi, ya hawo dutsen nan?”

“Da jarida.”

Ta faɗe shi hankali kwance, kamar mai cewa da ƙafa ake tafiya.

“Jarida?”

“Ai ita ce ke aikin. Ƙwayar rakiya kawai take yi. Kakarki da jarida ta yi ta sauka da furanni kasuwa har ta tsufa, ba ta san wata ƙwaya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

Nidia ta dubi mahaifiyarta. Matar nan ba wayo take yi ba, har zuciyarta ta yarda da abin da take faɗa. Tausayi ya kama ta, haushi ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara da shi.

“To tashi mu je.”

“Ina?”

“Mu sauka gada mu dawo, ni da ke. Ki sa jaridarki, biyu ma in kina so. Ki ɗauki lemun tsaminki. Ƙwaya ce kawai ban yarda ba, kuma ba rufe ido. Yadda Baba zai shiga, haka za ki shiga.”

“Yanzu na gama cin arepa da ƙwai!”

“Shi ya sa.”

Doña Ligia ta miƙe, ta ɗaga haɓa. Ta zaro jarida daga ƙarƙashin tukunyar fure, tsohuwa wannan karon, ta juya baya ta cusa ta a riga.

“Za ki ga aiki da cikawa.”

“Ni ina nan ina muku addu'a,” in ji Goggo Fabiola, tana jawo farantin Nidia gabanta.

Sista tana rumfarta a bayan makarantar firamare. Nidia ta cire mata wayar caji, ta taɓa allo, ƙofa ta zuge. Kujerunta suna fuskantar juna ne, kamar ɗan falo. Doña Ligia ta yi alamar gicciye, ta ce, “Barka da asuba, Sista,” yadda ta saba, ta zauna tana kallon baya, domin wurin da aka ware wa marasa lafiya ke nan, kusa da ƙofa.

Suka fita gari ta hanyar baya. Hazo bai gama tashi daga gonakin fure ba, ana hango mata suna yanka suna ɗaurewa. Motar tana tafiya sumul.

“Kin gani?” in ji Doña Ligia. “Lafiya lau.”

“Ba mu fara gangara ba, Mama.”

Suka fara. Kwana ta farko, Sista ta rage gudu, ta saki, ta sake ragewa, ta lanƙwasa dama. Ta biyu, hagu. Doña Ligia ta zaro hankici ta kai hanci, tana kallon ’yarta da gefen ido.

“Ƙamshinsa nake so.”

“Ban ce komai ba.”

Can sai uwar ta ce, ba tare da an tambaye ta ba:

“Ba kya nan ranar da babanki ya faɗi a bas.”

“Kin gaya min a waya.”

“A waya na rage miki. Direban bas ɗin, Don Chucho, bai fito aiki ba ran nan, wani matashi ne ya ja motar. Shi Don Chucho ai kin san shi, a gaba yake zaunar da babanki, kafin kowace kwana ya ce, ‘Ga ta nan tafe, Don Evelio,’ su karkata tare. Wancan kuwa ko kallonmu bai yi ba. Babanki ya yi ta amai har ba abin da ya rage, sai na ga idonsa ya juye, ya sulale tsakanin kujeru. Na yi ta kiran sunansa. Mutum kamar Evelio, da ya ɗauki buhun masara a kafaɗa ɗaya.”

Ta gyara zama, jaridar ta yi ƙara a ƙirjinta.

“Da kika zo da motar nan na ce Ubangiji ya amsa. Ta zo har ƙofar gida ta ɗauke shi, ba jira a tasha, ba cunkoso, ba wani matashi. Na ce duk abin da zai sa a yi saurin amincewa da ita zan yi.”

“Na gane, Mama.”

“Ba ki gane ba. Sai kin yi aure shekara da shekaru.”

Suka shiga Kwanar Makafi. Sista ta taka birki, ta saki, ta karya hagu, kafin ciki ya dawo wurinsa ta karya dama. Doña Ligia ta yi tsit. Gumi ya tsattsafo mata a saman leɓe. Ta dafe ƙirji da tafin hannu tana danna jaridar a fata, kamar mai tuna mata aikinta.

“Mama?”

Uwar ta ƙara matse hankicin a hanci.

“Ga maɓallin nan kusa da hannunki.”

“Na gan shi.”

“Ba wanda zai ji haushi.”

Doña Ligia ta dubi jan abin nan ta daɗe. Sai ta miƙa yatsa, ta ce can ƙasa-ƙasa, “Ki yi haƙuri, Sista,” ta danna.

Allon hannun Nidia ya yi ’yar ƙara. Watanni tana jiran wannan sauti, yau ta ji shi a karo na farko, kuma daga hannun uwarta. Ta umarci motar ta tsaya a faffaɗan wurin da ke kusa da gada. Doña Ligia ta zaro jaridar daga riga da sauri, ta buɗe ta a cinya. A nan dai jaridar ta yi amfani.

Nidia ta riƙe mata goshi har ta gama, ta ba ta ruwa ta kurkure baki. Suka zauna ƙofa a buɗe, iska mai sanyi tana shigowa, rafi yana ta gudunsa a ƙasa.

“Tsohuwa ce da yawa,” in ji Doña Ligia da ƙyar. “Jaridar.”

“Mama.”

“To, na ji.” Ta ƙudundune ta, ta sa a leda ta ɗaure. Ta daɗe tana kallon ledar. “Da babanki ne fa.”

Nidia ta sake miƙa mata ruwa, uwar ta kurɓa ta bi motar da kallo.

“Me ke damunta ne? Ba ta gudu, ba ta ganganci. Don me take juya wa mutum ciki fiye da bas?”

“Ba ta gaya wa mutum abin da za ta yi. A bas kina ganin hannun direba, kina ganin kafaɗarsa ta karkata, jikinki ya shirya tun kafin kwana ta zo. A nan ba wanda za ki kalla. Kunnenki na ciki yana jin ana juyawa, idonki yana kan allo yana cewa a zaune kike. Su biyu suka saɓa, sai ciki ya biya.”

“Wato ba ta da Don Chucho.”

“Na yi mata nata Don Chuchon.” Nidia ta nuna wani siririn rami da ya bi ƙarƙashin tagogi, babu komai a ciki sai bakin waya. “Wani haske ne a nan. Kafin kwana sai ya gudu ɓangaren da za a juya, kujera kuma ta ɗan motsa a gefen, jiki ya sani. Na kuma tsara ta riƙa rage gudu tun daga nesa, sau ɗaya a hankali, ba taka-saki ba. Sai dai tafiyar za ta ƙara tsawo.”

“To ina hasken?”

“An cire. Dakta Zuluaga ta ce ga sakamako, ba wadda ta taɓa jin komai, me za a yi da shi? Ni ma na ce haka ne.”

Doña Ligia ta rufe baki da hannu. Garin neman gira an rasa ido, kuma ta gane hakan ba sai an fassara mata ba. Idonta ya kawo ruwa.

“Mu muka cire shi ke nan.”

“Mu duka.”

“A mayar mana kafin Litinin.”

“Ba ya yiwuwa. Sai an sake gwaji tun daga farko, na gaskiya wannan karon.”

“Litinin fa?”

“Babu Litinin, Mama.”

“Aikinki fa?”

Nidia ta kalli rafi. Hannunta ne a kan sakamakon nan, sunanta aka kai gaban hukumar lafiya. Ta san yadda Dakta Zuluaga take idan aka kunyata ta.

Doña Ligia ta kamo hannunta.

“Ki ce ni ce. Ki ce tsohuwar ƙauye ce ta yi miki shirme. Amma don Allah a ɗaki, ke da ita, ba a gaban mutane ba. Kuma kar babanki ya ji daga bakin kowa sai nawa. Mutumin nan ba wanda bai gaya wa ba a asibiti, har masu shara sun san ’yarsa ta ƙera mota.”

“Gobe zan same ta a gida, mu biyu. Yau ku bi bas ɗinku.”

“Yawwa, ’yar albarka. A rufe, a hankali.”

Suka juya. Nidia ta sa motar ta hawo da tafiyar kunkuru, ta koma kusa da mahaifiyarta, kafin kowace kwana ta taɓa mata kafaɗa ta ce, “Ga ta nan tafe, Doña Ligia.” Uwar ta yi dariyar da ba ƙarfi. Suka karkata tare, hagu, dama, har suka wuce Kwanar Makafi ba abin da ya faru. Zuciyar Nidia ta ɗan kwanta. Abu ne mai gyaruwa, lokaci kawai yake so da kuma wanda zai iya haɗiye kunya.

Suna shigowa gari ta fara jin kiɗa.

Maimakon Sista ta nufi rumfarta, sai allo ya nuna an kira ta daga ofis zuwa dandalin coci. Nidia ta laluba aljihu. Wayarta tana can kife a kan teburin kicin.

Dandali ya cika. ’Yan makaranta da ganguna da ƙaho, matan zumunta cikin kayan coci, Fada, limamin cocin, da ruwan albarka, wasu mutanen birni da kyamara a kafaɗa. An ɗaura jan ƙyalle tsakanin bishiyoyi biyu. Goggo Fabiola tana can gefe tana yi wa Nidia wata irin alama da hannu biyu, ba a gane komai.

Ƙofa ta zuge.

“Ga ta nan!” Dakta Zuluaga ce, makirufo a hannunta, murmushi har kunne. Ta sunkuyo ta rage murya. “Injiniya Ocampo, tun safe nake nemanki. Mutanen hukumar lafiya ba za su samu zuwa Litinin ba, sai muka dawo da bikin fara aikin Sista yau. Na yi magana da mahaifinki jiya, ya ce a bar miki shi ya zama ba-zata.”

Jama'a suka dare.

Don Evelio ya taho a hankali, yana dogara sanda. Sabon aski, farar hula, rigar da ya sa ranar da Nidia ta karɓi digiri, ta yi masa yawa yanzu. Fuskarsa kuwa kamar an ba yaro kyautar keke.

“’Yar nan! Kin ga babanki?” Ya leƙa cikin motar. “Ligia, har kin riga ni? To matsa min. Na ce wa Chucho ya ba wani kujerata, bas ta tafi tun ɗazu. Yau motar ’yata za ta kai ni ta dawo da ni.”

Doña Ligia ta tura ledar bayan ƙafarta.

Don Evelio ya bubbuga ƙirjinsa da tafin hannu, ya juya ga jama'a don kowa ya ji.

“Ko jarida ban sa ba! Na ce wannan mota ba ta buƙata!”

Aka yi dariya, aka tafa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala.

Nidia ta miƙa hannu ta tare ƙofar.

“Baba, kar ka shiga.”

Mai ƙaho ne ya fara yin shiru, sannan masu ganga.

Dakta Zuluaga ba ta daina murmushi ba. Ta matso da makirufon daidai bakin Nidia.

“Maimaita, Injiniya. Ba mu ji ba.”

Ƙafar Don Evelio tana nan a kan matakala.